Tsohon soja ya rasu: wa ya ɗauki nauyinsa bayan an ajiye bindiga?

Idan tsohon soja ya rasu, kusan magana iri ɗaya ake yi a kansa ko'ina a duniya. A ce ya bauta wa ƙasarsa, a ambaci yaƙin da ya halarta da muƙamin da ya kai, sannan a rufe da cewa mutum ne mai son iyalinsa, mai riƙo da addininsa. Wannan yabo na ƙarshe cikon magana ake mayar da shi, bayan an gama lissafa abin da ake ɗauka shi ne jarumta. Ni a ganina an kifa lissafin. Yaƙi shekara biyu ne, ko uku, ko biyar. Zaman da ya biyo bayansa kuwa shekara arba'in ne ko hamsin, kuma a cikin wannan dogon zama aka yi aikin da ya fi wuya. Mutumin da aka horar da shi a kan kisa, ya ga yadda jikin ɗan Adam yake tarwatsewa a gabansa, sannan ya dawo ya reni 'ya'ya ba tare da ya zame musu dodo ba, ya yi abin da babu lambar yabo a kansa. Kuma ba shi kaɗai ya yi ba. Akwai waɗanda suka tallafi kayan tare da shi, sai dai ba a jin sunansu sai an zo wajen "ya rasu ya bar mata da 'ya'ya kaza".

Harry Patch, Bature ne ɗan Ingila, shi ne na ƙarshe da ya rage a cikin sojojin Birtaniya da suka yi faɗa a ramukan yaƙin duniya na farko. An haife shi a 1898, ya rasu a 2009 yana da shekara 111. A ranar 22 ga Satumban 1917, a ƙasar Beljiyam, harsashin igwa ya faɗo a kan rukuninsu, ya kashe abokansa uku, shi kuma ya ji rauni. Ya koma gida ya ci gaba da sana'arsa ta gyaran famfo, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, kuma bai buɗe baki ya yi maganar yaƙin ba sai da ya kai kimanin shekara ɗari. Wato shekara tamanin yana ɗauke da abin a cikinsa. Ƙasarsa tana tunawa da mazan jiya ranar 11 ga Nuwamba, ranar da aka tsagaita wuta a 1918, amma shi ranar 22 ga Satumba ya riƙe a matsayin tasa ranar tunawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa yaƙin da hukuma take tunawa da shi daban, wanda sojan yake kwana da shi daban.

Irin wannan shiru ba na mutum ɗaya ba ne. Duk wanda ya tashi a gidan tsohon soja, ko ya yi maƙwabtaka da shi, ya san shi. Za su ba ka labarin jirgin ruwa, da ruwan sama mai kwana da kwanaki, da wani hafsa mai masifa, su yi ta dariya. Da ka matso kusa da ainihin ranar, sai a sauya zance.

An daɗe ba a yarda cewa wannan ciwo ne ba. A yaƙin duniya na farko Birtaniya ta harbe sojoji 306 nata da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta bisa laifuka irin su gudu daga fagen fama da ragwanta, alhali da yawa daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ce ta gaza ɗaukar rugugin igwa. Sai a 2006 aka yi musu afuwa, bayan duk iyayensu da matansu sun bi su. Ciwon firgicin da ke bin mutum bayan ya ga mummunan tashin hankali kuwa, sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundin cututtukan da ta amince da su, shi ma sai da waɗanda suka dawo daga yaƙin Biyetnam suka matsa lamba. To daga 1918 zuwa 1980, shekara sittin da biyu, yaƙin duniya biyu da ɗimbin ƙananan yaƙe-yaƙe, miliyoyin maza sun koma gidajensu da ciwon da asibiti bai gama amincewa da shi ba. Wa ya yi jinyarsu?

Matansu ne. Wannan ita ce amsar da ba a rubutawa a jikin dutsen tunawa.

Ita ce ke farkawa cikin dare idan ya zabura yana kiran sunan wanda ya mutu tun kafin a aure ta. Ita ta san wace ƙara ce ke birkita shi, ta hana yara buga ƙofa da ƙarfi, ta san watan da yake shiga ƙunci a kowace shekara ko da bai taɓa gaya mata dalili ba. Idan ya fusata ba gaira ba dalili, ita ke shiga tsakaninsa da 'ya'yansa, ta ƙirƙiro masa uzuri, ta ce babanku ya gaji ne. Idan fansho ya makale wata da watanni, ita ke nemo yadda za a yi gidan ya tsaya, ta kuma rufa asirin kada a ji a waje. Idan ƙafar da aka yi wa aiki ta tashi da ciwo a tsufa, ita ke ɗaga shi ta kwantar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a wannan ɗakin ita ce mai tare ruwan. Ba ta sa kaki ba, ba ta yi rantsuwar kama aiki ba, ba ta da lambar soja, amma rabin abin da yaƙin ya ci a kanta ya ƙare. Don haka idan aka ce marigayi ya kasance mai son iyalinsa, gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ce. Ɗaya rabin shi ne iyalin sun so shi a lokacin da son nasa yake da wuya.

Addini kuma fa? Wasu masu ilimin zamani suna kallon riƙon addinin tsohon soja a matsayin mafaka kawai, wurin da mutum ke ɓuya don kada ya fuskanci abin da ke damunsa. Ban yarda da wannan ba. Akwai wani rauni da likita ba shi da maganinsa, domin ba tsoro ba ne, nauyin zuciya ne. Soja yana iya warkewa daga firgicin abin da aka yi masa, ya kasa warkewa daga abin da shi ya yi: wanda ya harba kafin ya tabbatar ko wane ne, abokin da ya bari a baya don an ba da umarnin ja da baya, ko ma dai kawai tambayar me ya sa shi ya rayu wanda ke gefensa ya mutu. Ƙwaya tana sa barci, amma ba ta yafe laifi. Addini ne ke da ƙofar tuba, da koyarwar cewa ajali ba a hannunka yake ba, da jama'ar da za ka tsaya a cikinta kafaɗa da kafaɗa ba tare da an tambaye ka mutum nawa ka kashe ba. Yana kuma tsara wa mutum yininsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba a tashe shi da busa, a gaya masa lokacin ci da lokacin kwanciya, sannan rana ɗaya aka sallame shi aka ce ya je ya ji da kansa. Tsohon sojan da ka ga ba ya fashin masallaci ko coci, sau da yawa ba nuna tsoron Allah yake yi wa mutane ba, abin da ke riƙe da shi ne yake riƙewa.

Wani abin lura shi ne addinan nan tun asali ba su raba fagen fama da cikin gida yadda hukumomin zamani suka raba ba. Sayyidina Usman bai halarci yaƙin Badar ba domin yana jinyar matarsa Ruƙayya, kuma Annabi (SAW) ya ba shi rabon wanda ya halarta, ya kuma shaida masa yana da ladan wanda ya halarta. Ga kuma hadisin mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa suna raye, da ya ce eh, aka ce ya koma ya yi jihadinsa a cikin hidimarsu. A Littafi Mai Tsarki ma, a Maimaitawar Shari'a sura 24, an hana tura sabon ango yaƙi har shekara guda, don ya zauna ya faranta wa amaryarsa rai. Duk waɗannan suna nuna abu ɗaya: mai jinya a gida yana da rabo a cikin lissafin yaƙi. Shekara dubu da ɗaruruwa bayan haka, ƙasashe ƙalilan ne suka kai ga wannan fahimta. Amurka, da duk arzikinta, sai a 2010 ta yi dokar biyan alawus ga iyalin da ke jinyar sojan da ya nakasa, kuma da farko ma ga waɗanda suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumban 2001 kaɗai.

A nan ne nake da ja da yadda ake yin wannan yabo. Ba wanda ya fi gwamnatoci jin daɗin a ce tsohon soja mutum ne mai haƙuri, mai tawakkali, wanda iyalinsa suka rungume shi. Soja mai tawakkali ba ya tare ƙofar ma'aikata. Matar da ta ɗauki jinya a matsayin ibada ba ta aika wa kowa takardar neman biya. Kowace shekarar da iyali da wurin ibada suka riƙe mutumin nan, shekara ce da wanda ya tura shi yaƙi ya samu a kyauta. Ba ina cewa haƙurin aibi ba ne. Ina cewa haƙurin wani ba ya sauke bashi daga wuyan wanda ake bi.

Tarihin sojojin Afirka da suka yi wa Turawa yaƙi shi ne ya fi fito da wannan fili. A yaƙin duniya na biyu an kwashi dubun dubatar samari daga Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su dazuzzukan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, suka gwabza da Japan. Da aka zo sallama, takardun gwamnatin Birtaniya na 1945 da aka bankaɗo a 2019 sun nuna an tsara kuɗin sallama bisa launin fata a rundunonin Gabashin Afirka: farabiti Bature sule goma a kan kowane watan da ya yi yana aiki, baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi sule uku da sisi. Harsashin da aka harbo musu bai tambayi launin kowa ba. A Accra, ranar 28 ga Fabrairun 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna don miƙa kokensu kan alkawuran da ba a cika ba, 'yan sanda suka buɗe wuta suka kashe uku: Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Farabiti Odartey Lamptey. Sun tsira daga yaƙin duniya, suka mutu wajen neman haƙƙinsu a gida.

Na Faransa ya fi muni. Ranar 1 ga Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wa sojojin Afirka wuta, mutanen da suka dawo daga zaman fursuna a hannun Jamus, laifinsu kawai sun nemi a biya su albashin da suke bi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna cewa adadin ya ninka haka nesa ba kusa ba. Sai a 2024, shekara tamanin cif, shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Bayan haka, a ƙarshen 1959, da guguwar 'yancin kai ta taso, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ta rena a kan adadin da yake a lokacin, na Faransawa kuwa ya ci gaba da hawa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, amma shi ya riga ya rasu tun 1996. Ba a kammala daidaita fanshon ba sai a 2011. Duk tsawon waɗannan shekaru hamsin, wa ke ciyar da dattijon? 'Ya'yansa da matansa, su ne suka cike giɓin da wata ƙasa mai arziki ta bari da gangan.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin Faransa shi ne na baya-bayan nan. 'Yan tsirarun da suka rage, dattawa masu shekara casa'in, dokar tallafin tsofaffi ta tilasta musu zama a Faransa aƙalla wata shida a kowace shekara, in ba haka ba a yanke kuɗin. Suna zaune a ƙananan ɗakuna a wajen birnin Faris, jikokinsu suna can Afirka. Sai a farkon 2023 aka ɗage musu sharaɗin. Idan ɗaya daga cikinsu ya rasu aka ce mai son iyalinsa ne, ya kamata a ƙara da cewa an sa shi zaɓi tsakanin iyalin da abin da zai ciyar da su.

Akwai wanda zai ce: ranar rasuwa ba ranar tonon silili ba ce, a bar mamaci ya huta, a faɗi alherinsa a yi shiru. Na yarda da ladabin, ban kuwa ce a tsaya a gaban gawa ana karanta bashin fansho ba. Amma tunawa ba ta ƙarewa a ranar jana'iza. Tana ci gaba a abin da ake gaya wa jikoki, da abin da ake rubutawa, da jawabin da shugabanni ke yi duk shekara, kamar na 15 ga Janairu a Najeriya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. A nan ne gyara labarin ke zama cutarwa. Domin ba kowane tsohon soja ne ya ci wannan jarrabawa ba. Akwai wanda ya dawo ya faɗa shaye-shaye, akwai wanda hannunsa ya yi nauyi a kan matarsa, akwai wanda 'ya'yansa suka girma suna jin takunsa su watse. Akwai kuma wanda ya kashe kansa; a Amurka, inda ake ƙididdige abin, sama da tsofaffin sojoji 6,000 ne ke yin haka a kowace shekara. Idan muka mayar da labarin kowane tsohon soja ya zama na dattijo mai fara'a da carbi ko Littafi a hannu, mun gaya wa gidajen da abin ya rushe cewa gazawarsu ce, ko ƙarancin imaninsu, ko matar ce ba ta iya haƙuri ba. Alhali bambancin da ke tsakanin gidan da ya tsaya da wanda ya faɗi sau da yawa bai wuce ko an samu magani, ko fansho ya zo a kan kari, ko akwai wani ɗan'uwa da ya lura da wuri ba.

Haka kuma yabon ba ya bukatar a tsarkake yaƙin da mutumin ya yi. Soja ba shi ke zaɓen yaƙi ba. Za ka iya girmama dattijon da ya je Bama ba tare da ka yarda mulkin mallaka alheri ne ba, za ka iya girmama wanda ya yi yaƙin basasa ta kowane ɓangare ba tare da ka manta fararen hular da yunwa ta kashe ba. Su kansu tsofaffin sojojin sun fi masu jawabi sanin haka. A jana'izar Harry Patch har da sojojin Jamus aka gayyato suka raka gawar, tare da na Faransa da Beljiyam, domin shi a ƙarshen rayuwarsa ya sha nanata cewa a tuna da waɗanda suka mutu ta ɓangarorin biyu. Galibi wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba shi ya fi zaƙewa wajen kirarin yaƙi.

Abin da nake so a yi ba mai yawa ba ne. Iyali su tambayi dattijon tun yana raye, in ya yarda ya yi magana, su naɗi muryarsa a waya. In bai yarda ba su ƙyale shi, su tambayi matar, domin ita ma tana da nata labarin yaƙin kuma ba wanda ya taɓa tambayarta. Suna yana ɓacewa da sauri fiye da yadda ake zato: a 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na Birtaniya da ƙawayenta ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na farko, akasarinsu 'yan Gabashin Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Malamai da fastoci kuma, da yake su ne ake fara kai wa kuka, su koyi gane lokacin da addu'a take bukatar likita a gefenta, su daina ce wa matar da ake duka ta ƙara haƙuri kawai.

Sauran aikin na hukuma ne, kuma aikin kuɗi ne. Alkawari kaya ne, na yaƙi kuwa ya fi kowanne daɗewa a ka. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, amma mutum na ƙarshe da ke karɓar fanshonsa, Irene Triplett, 'yar wani sojan wancan yaƙi, sai a 2020 ta rasu, ana biyan ta dala 73 da 'yan kai a wata. Shekara 155 ana biyan bashin yaƙi ɗaya. Duk majalisar da za ta amince a tura samari fagen fama, ya kamata a rana ɗaya ta rubuta kasafin jinyar ƙwaƙwalwarsu, da alawus na wadda za ta yi jinyar, da hanyar da bazawara za ta karɓi haƙƙin mijinta ba tare da ta shekara tana yawo da fayil daga ofis zuwa ofis ba. Waɗanda ke faɗa yanzu a yankin Tafkin Chadi, da Sudan, da Yukiren, da yawansu ba su kai talatin ba, kuma da yawa daga cikin matan da za su yi jinyarsu ba a ma ɗaura musu aure ba tukuna.